Mai Tsare Sunan Jami'a

Ƙannena 'yanmata, duk wadda na tambaya burinta sai ta ce likita ko lauya. To ni yau aikin kakakin jami'a zan tallata muku. In aka baza ji-ta-ji-ta a kan ɗakin kwanan ɗalibai mata, wallahi kafin magariba wani uban ya ce 'yarsa ta haɗo kayanta, karatu ya ƙare ke nan. Mai wannan aiki ce za ta binciko gaskiya, ta kai wa iyaye da 'yan jarida da wuri. Hanyarsa ita ce karatun aikin jarida, kamar a Jami'ar Bayero ta Kano, sannan rajista da cibiyar sana'ar, NIPR, yadda dokar 1990 ta wajabta. Ke mai iya magana, kada ki raina baiwarki.