Ko Kun Sani?

Shekaru masu yawa malaman kimiyya sun yi ijma'i a kan cewa iskar zenon ba ta ƙulla alaƙa da wani sinadari ko kaɗan, har maganar ta zama tamkar nassi cikin littattafai. Amma a watan Maris na 1962, a Bankuba ta ƙasar Kanada, masani Neil Bartlett ya ɗauko wani sinadari ja wur, wanda ƙwayar filatinam ɗaya da ƙwayoyin fulorin shida suka haɗu suka samar, mai tsananin ƙarfin fizge ilektiron ko daga iskar oksijin, ya gauraya tururinsa da zenon. Nan take sai ga daskararren abu ruwan ɗorawa a jikin kwalbar. Wannan hujja ce ta tilasta gyara littattafan.