Muryar da Ba Ta Sha Horo Ba

Na gaji da wata magana da samari masu sha'awar waƙa suka haddace tamkar karatun allo, wai murya baiwa ce, wanda Allah Ya ba shi ba ya bukatar malami. Baiwa kam haƙƙun ce, amma ragowar zancen lalaci ne ya haife shi, hujjata kuwa ita ce tarihin wani Bajamushe mai suna Fritz Wunderlich, gwanin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, mai muryar maza mai hawa sama da ake kira tena.

An haife shi a garin Kusel a 1930, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 5, ya tashi cikin ƙunci, har ya yi aiki a gidan burodi. Tun a lokacin jama'a suka shaida zaƙin muryarsa. Da ya ɗauki fatawar samarinmu, da nan ya tsaya yana jiran tafi. Sai ya nufi makarantar kiɗa ta Freiburg a 1950, ya durƙusa gaban wata malama makauniya, Margarete von Winterfeldt, shekara 5 cur, yana kuma koyon busa ƙahon tagulla, wanda masana suke cewa shi ya ba shi dogon numfashin da ya shahara da shi. Da gidan opera na Stuttgart ya ɗauke shi a 1955, da ƙananan matsayi ya fara, kamar yadda ɗan amshi kan daɗe a bayan ubangidansa, kafin gidajen opera na Munich da Vienna su neme shi saboda waƙoƙin Mozart. To, ina wanda ya fi shi baiwa, har da zai raina ɗalibta?

Saboda haka, ya kai mai murya, nemi wanda ya fi ka sani ka yi masa ladabi. Koyi jan numfashi daga ciki, ka daina matse maƙogwaro. Sassauta murya da 'yan rere-rere kafin ka ɗaga ta. Yawaita shan ruwa, ka nisanci taba da ihun banza. Idan dishewa ta kama ka, yi shiru, in ta wuce mako 2 ko 3 ka je asibiti, kada ka tsaya ga citta da zuma.

Shi kuwa Wunderlich ya rasu a Heidelberg a watan Satumba na 1966, bayan ya faɗo daga matakala, saura kwana 9 ya cika shekara 36.