Sojan Amurka da Tanadin Bayan Ritaya

Kafin shekarar 2018, ƙa'idar fanshon soja a Amurka guda ce. Wanda ya cika shekara 20 yana aiki yana karɓar rabin albashinsa na tushe har ƙarshen rayuwarsa, wanda kuwa ya bar aiki kafin nan ba shi da fansho. Da yake mafi yawan sojoji ba sa kai shekara 20, akasarinsu sukan fita hannu rabbana.

A ranar 1 ga Janairu 2018 aka fara sabon tsari mai haɗa fansho da ajiya. An rage fanshon shekara 20 daga kashi 50 zuwa kashi 40 cikin ɗari. A madadin haka gwamnati tana zuba wa soja kuɗi a asusun da ake kira TSP, wato asusun ajiyar ma'aikatan gwamnatin tarayya wanda aka kafa a 1986. Bayan kwana 60 da shiga aiki, ana sa masa kashi 1 na albashinsa ko bai ajiye kome ba. Bayan shekara biyu kuma, idan ya ajiye kashi 5, gwamnati tana ƙara masa kashi 4.

Mu ɗauki misalin soja mai albashin dala 3,000 a wata. Idan ya ajiye dala 150, gwamnati za ta sa masa 150. Idan bai ajiye kome ba, dala 30 kawai zai samu. Saboda haka matakin farko shi ne kada abin da yake ajiyewa ya gaza kashi 5.

Mataki na biyu shi ne zaɓen inda kuɗin za su zauna, domin asusun yana da rassa. Reshen G na takardun bashin gwamnati ne, ba ya faɗuwa amma ribarsa kaɗan ce. Reshen C na hannun jarin manyan kamfanoni 500 ne, yana hawa yana sauka. Akwai kuma F, S da I. Reshen L yana gauraya su duka, yana rage hannun jari gwargwadon kusatowar ritaya. Matashin da ke da shekara 30 a gabansa yana iya jure saukar kasuwa, wanda ya kusa ritaya kuwa ba shi da wannan sarari.

Na uku shi ne haraji. Tun 2012 soja yana iya biyan haraji yanzu ya ciri kuɗinsa ba haraji bayan ya tsufa, ko ya jinkirta biyan sai ranar cira. Hanya ta farko takan fi dacewa da ƙaramin soja, tunda harajinsa na yanzu ƙarami ne. Wanda ya ciri kuɗin kafin ya kai shekara 59 da rabi, galibi yakan biya tarar kashi 10.