Ciniki ba dillali: sayen aikin fasaha ta intanet daga hannun mai shi (misalin Tibiri)

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna so mu duba wani nau'in ciniki da ya shigo ƙasar Arewa tare da wayar salula, wato sayen aikin fasaha kai tsaye daga hannun wanda ya yi shi, ba tare da mai saye da mai sayarwa sun ga juna ba. Aikin fasaha a nan ya haɗa da zanen fenti, da zayyanar allo, da aikin dukawa, da ƙwarya mai zane, da saƙar hannu. Mai zaman kansa kuwa shi ne wanda ba ya ƙarƙashin wata cibiya, irin ta masu sana'a da ke Wadata ko rumfunan gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, inda mai saye yake da wurin komawa in ciniki ya lalace. Mun ɗauki misalin Tibiri ta jihar Doso, wadda ta zama gunduma a 2011 bayan an cire ta daga Dogon Dutsi. Mai sayen da muke tunani shi ne ɗan yankin da ke zaune a Yamai, ko Kwatano, ko Faransa, wanda ya ga hoton aiki a Facebook ko WhatsApp ya yi sha'awa.

2. Aikin dillali

Ciniki tsakanin mutanen da ba su san juna ba tsohon abu ne a wurin Hausawa. Polly Hill a 1966 ta bayyana yadda masu masauki da dillalai suke tafiyar da kasuwar Kumasi, Abner Cohen kuma a 1969 ya yi irin wannan bayani a kan cinikin shanu da goro a Sabon Ibadan. Abin da suka nuna shi ne, la'adar da ake ba dillali ba kuɗin surutu ba ce. Shi ne ya san mai kaya da gidansu, shi ne ya ga kayan da idonsa, kuma shi ko maigidansa ake kamawa in kuɗi suka maƙale. Waya ta kawar da dillali, mai fasaha ya sami cikakken kuɗinsa, wannan kuwa alheri ne. Sai dai ayyukan dillalin ba su tafi tare da shi ba, sun dawo wuyan mai saye.

Fikihu ma ya san matsalar. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin ya iso, sai in wurin na kusa ne ko abin ba ya sauyawa. A ganinmu wannan hukunci ya dace da cinikin intanet fiye da yawancin shawarwarin da ake bayarwa yau.

3. Sanin mutum da ganin kaya

Suna da hoto a shafin Facebook ba shaida ba ne, don kowa yana iya kwafe hotunan wani mai zane ya buɗe shafi da su. A ƙaramin gari irin Tibiri maganin wannan bai da wuya. Baduku ko mai zane na gaskiya sananne ne a unguwarsa, yana da ubangidan da ya koya masa sana'a, kuma mai saye ba zai rasa ɗan'uwa ko tsohon abokin makaranta a Kore Mairuwa ko Geceme da zai leƙa rumfar ba. Wanda ya ƙi faɗin unguwarsu, ko yake sauya lamba, ko yake matsa wa mutum cewa wani zai ɗauke kayan in ba a biya yau ba, ya riga ya ba da amsa.

Ganin kaya kuwa sai a yi shi ta kiran bidiyo, da rana, a tsakar gida. A sa mai aikin ya juya abin, a ga bayansa da gefensa, a ga ɗinkin in fata ce, ya kuma auna shi da ma'aunin tela a gaban waya, don hoto ba ya faɗin girma. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da kwamfuta ta fara ƙirƙiro hotuna masu kama da zanen hannu. Akwai kuma tambayar da masu saye kan ji nauyin yi: shin wannan shi ne na asali, ko bugu ne na inji? Bugu ba laifi ba ne in an faɗa, amma farashinsu ba ɗaya ba ne.

4. Kuɗi

A nan ne aka fi yin asara, kuma ɓangarorin biyu ne ke cikin haɗari. Hanyoyin aika kuɗi da aka saba da su a Nijar, irin su Nita, Al Izza, Amana da Airtel Money, an yi su ne don kuɗi su isa da sauri. Ba aikinsu ba ne su riƙe kuɗin har kaya su iso, kuma da zarar an karɓa an gama. Saboda haka mai saye ya raba biyan: kafin alƙalami daidai da kuɗin fata ko fenti, ragowar kuma bayan ya ga aikin a kammale da rasit na tasha. Sunan da za a aika wa kuɗin ya zama na wanda aka yi magana da shi, ba na "ƙanena" ko "yarona" ba. Shi ma mai fasaha kada ya saki kaya don an turo masa hoton rasit, sai ya ga kuɗin a hannunsa, don rasit na jabu ba ya da wuyar haɗawa.

Muna so mu tsaya kaɗan a kan harshe, tun da nan ne fagenmu. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, jaka ɗaya sefa 1000. A Nijeriya, wadda iyakarta ke kusa da Tibiri, jaka a tsohon lissafi naira 200 ce, dala kuma kuɗin Amurka ne. Wanda ya ce "dubu biyu" a saƙon murya yana iya nufin dala 2000, wato sefa 10.000, mai sauraro kuma ya ji sefa 2000. Babu wanda ya yi ƙarya, amma rigima ta tashi. Don haka a rubuta farashi da lambobi da sunan kuɗin, a faɗi wanda zai biya kuɗin mota, a kuma adana saƙon. Dokar 2019 kan laifukan intanet ta ba da damar kai ƙara, amma wanda ya je gaban ƴan sanda ko jandarma ba da rubutu ba aikinsa zai yi wuya.

5. Hanya da doka

Tibiri ba ta kan babbar hanyar ƙasa ta 1, saboda haka kaya sai sun fito Kore Mairuwa ko Dogon Dutsi kafin su hau motar Yamai. A duk takarda a rubuta "Tibiri, Doso", don akwai Tibirin Gobir kusa da Maraɗi. Wanda ke hayin iyaka ya tuna cewa iyakar Nijar da Nijeriya ta kasance a rufe daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ya kuma yi yarjejeniya tun farko a kan abin da za a yi in kaya suka tsaya a hanya.

Sayen zane ba sayen haƙƙin mai zane ba ne. Bisa dokar 2010 ta haƙƙin mawallafa, wadda hukumar BNDA ke kula da ita, wanda ya sayi hoto yana iya rataye shi ko ya sayar, amma ba ya da ikon buga shi a riguna ko kalanda sai da izinin mai shi.

Akwai kuma kayan da bai kamata a saya ba ko da mai sayarwa mai gaskiya ne. Dokar 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa ta hana fitar da su ba da izini ba. Dalilinta sananne ne: bayan tonon da Bube Gado ya yi a Bura a 1983, an wawashe wuraren tarihi na wannan yanki, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa tukwanen Bura cikin jerin kayan da ke cikin haɗari. A Arewa abin da za a iya tallata wa baƙo shi ne kayan bori ko na gidan sarauta da aka ce na kakanni ne. In da gaske tsofaffi ne, ba na mai tallan ba ne shi kaɗai, kuma duwan na iya riƙe su. In kuwa sababbi ne aka shafa wa hayaƙi da ƙasa, mai saye ya biya kuɗin tarihi a kan aikin makon jiya, alhali maƙerin da ya yi shi zai sayar masa da irinsa a farashinsa na gaskiya, da sunansa a jiki.