Lissafin Wutar Lantarki a Kundin Bulokcen: Dalilai da Sakamako

A watan Afrilun 2016, wasu maƙwabta a unguwar Buruklin ta birnin Niyu Yok suka yi cinikin wutar sola a tsakaninsu, aka shigar da cinikin a bulokcen na Ethereum. Bulokcen kundi ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa lokaci guda, don haka ba mai iya goge abin da aka rubuta ba tare da an gani ba. A 2018 hukumar makamashi ta ƙasar Chile ta fara hatimce alƙaluman da take wallafawa ta wannan hanya.

Abubuwa biyu ne suka kawo wannan salo. Na farko, farantan sola sun mayar da mai sayen wuta mai sayarwa. Gidan da ke tura rarar wutarsa cikin babban layi da rana, ya jawo da dare, yana buƙatar lissafin da shi da kamfani za su yarda da shi. Na biyu, manyan kamfanoni na son hujjar cewa daga iska ko rana wutarsu ta fito, domin gani ya kori ji. A Turai, takardar shaidar tushen wuta tana wakiltar megawat ɗaya na tsawon awa guda, kuma idan aka sayar da ita ga mutum biyu, shaidar ta tashi a banza. Kundin da kowa ke dubawa yana toshe wannan kafa.

An ga amfaninsa wajen rage gardama da sauƙaƙa bincike. Tsohon zargin cewa fasahar kanta na zuƙe wuta ya yi sauƙi tun Satumban 2022, lokacin da Ethereum ya sauya tsari ya rage cin wutarsa da fiye da kashi 99 cikin 100.

Sai dai akwai matsaloli masu nauyi. Kundin yana tsare abin da aka ba shi ne kawai. Idan mita ta lalace ko an yi mata coge, ƙaryar ce za ta zauna daram. Sannan wutar Buruklin ba ta daina bin wayoyin kamfanin rarraba wuta ba, kuma doka ce ke faɗin wanda ya halatta ya sayar. Ga batun sirri: alƙaluman shan wuta na nuna lokacin da mutanen gida ke nan da lokacin da suka fita, kuma goge su daga kundin abu ne mai wuya, alhali dokar Tarayyar Turai ta bai wa mutum damar neman a goge bayanansa.

A Najeriya, inda miliyoyin masu amfani da wuta ke biyan kuɗin ƙiyasi saboda rashin mita, darasin a fili yake. A fara samar da mita mai faɗin gaskiya da dokar da ke kare mai biya, sannan bulokcen ya sami abin tsarewa.