Amurka: Ciwon da ba a gani na addabar yaran baƙin haure ƴan Latino

Yaro ya baro ƙauyensu a Guatemala ko Honduras, ya ratsa Meziko, ya tsallaka iyaka ya shiga Texas. Jiki ya isa, amma hankali bai kwanta ba. Dare ya yi ba barci, a aji ba natsuwa, kullum cikin fargabar ranar da jami'an shige da fice za su tafi da mahaifiyarsa.

Irin waɗannan yara na da yawa cikin al'ummar Latino, wadda ƙidayar 2020 ta nuna ta haura mutum miliyan 62 a Amurka. Wasu sun gudo wa ƴan daba, wasu kuma an raba su da iyayensu a bakin iyaka a 2018.

Samun magani kuwa sai an sha wuya. Na farko harshe: binciken ƙungiyar masana halayyar ɗan adam ta Amurka na 2015 ya gano kashi 5.5 cikin ɗari ne kawai na masanan ke iya duba mutum da Sifaniyanci. Na biyu kuɗi, domin iyalai marasa takardu galibi ba su da inshorar lafiya. Na uku kunya: iyaye da dama sun gwammace su yi shiru da a ce ɗansu ya taɓu.

Shi ya sa ake kai taimakon inda yaran suke. Tun 1982 kotun ƙoli ta yanke hukuncin cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da takardu, saboda haka makaranta ce wurin da mai ba da shawara zai fi saurin ganinsu. Jihar Kalifoniya ta shigar da yara marasa takardu cikin inshorar Medi-Cal a 2016. A unguwanni kuma, mata masu wayar da kai da ake kira promotoras na bi gida-gida suna magana da iyaye da harshensu. Layin agajin gaggawa na 988, da aka buɗe a Yulin 2022, yana amsa kira da Sifaniyanci idan an danna 2.

Sai dai a Janairun 2025 gwamnatin Trump ta soke ƙa'idar da ta taƙaita kame a makarantu da asibitoci. Ke nan wuraren da yaro zai je neman sauƙi su ne yanzu iyalai ke shakkar takawa.