Idan wani abu ya sami ɗalibi a makaranta, wa doka za ta tambaya?

Duk wanda ya saba bi ta shataletalen Gawon Nama a birnin Sakkwato ya san yadda wurin ke cika da 'yan kabu-kabu da masu keke Napep da motocin da ke shiga da fita Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. To, mu ɗauka ƙarfe goma ne na safe, ana tsakiyar darasi, sai malami ya aiki ɗalibi ya tsallaka wannan titi ya sayo masa abin karin kumallo, a hanya babur ya buge yaron ya karye. Mai babur zai amsa tambaya, babu shakka. Amma idan magana ta kai kotu, alƙali zai so ya ji wanda ya fitar da yaron daga aji, da wanda ya buɗe masa ƙofa, da kuma ko shugaban makarantar ya san ana irin wannan aike ya yi shiru.

A wannan mako mun duba nauyin da doka ta ɗora wa shugabannin makarantu, domin ku ɗalibai ku san haƙƙinku, ku kuma san rawar da za ku taka.

Amana ce a hannunsu

Daga lokacin da ɗalibi ya shiga ƙofar makaranta har zuwa tashi, doka tana kallon makarantar a matsayin wadda ta tsaya a madadin iyaye. Idan ta kwana ce, nauyin ya haɗa da dare da rana, har da abinci da ruwan sha da ɗakin kwana. Haka yake idan an fita da ku gasar wasanni ko muhawara ko yawon buɗe ido.

Ba kowane tsautsayi ne ke zama laifin makaranta ba. Yaro zai iya faɗuwa a filin ƙwallo ya gurɗe ƙafa alhali an yi duk abin da ya kamata. Abin da kotu ke nema shi ne sakaci, kuma tambayoyinta sanannu ne: shin akwai haɗarin da mai hankali zai iya hangowa? Shugaban ya san da shi, ko ya kamata a ce ya sani? Me ya yi a kai? Kuma shin wannan sakacin ne ya jawo raunin? Idan amsoshin suka nuna gazawa, iyaye na iya neman diyya. Galibi kuma wanda ya ɗauki malami aiki, gwamnati ce ko mai makarantar kuɗi, yana shiga cikin ƙarar saboda abin da ma'aikacinsa ya aikata a bakin aiki. Idan sakacin ya yi muni har aka rasa rai, magana tana iya komawa tuhumar aikata laifi.

Gini da wuta da lantarki

A ranar Juma'a, 12 ga Yulin 2024, benen makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ya rufta da ɗalibai da safe, inda mutum 22 suka rasu. A watan Nuwamban 2021, gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a Maraɗi, ta ci rayukan yara aƙalla 25. A Fabrairun 2025 kuma, almajirai 17 suka rasu a gobarar wata makarantar allo a Ƙauran Namoda. Bayan kowane irin wannan lamari, tambayar da ake fara yi ita ce: wa ya ga alamar haɗari, wa aka gaya wa?

A Legas, wata ɗaliba 'yar shekara 12 ta rasu a Fabrairun 2023 yayin gasar wasannin makarantarsu a filin wasa na Agege, binciken likitoci ya danganta mutuwar da jan wutar lantarki. Gwamnatin jihar ta gurfanar da makarantar da shugabarta da wasu ma'aikata a kotu bisa tuhumar kisa ba da niyya ba. Lura da cewa abin bai faru a harabar makaranta ba, amma tun da makaranta ce ta kai yaran can, nauyin ya bi ta.

A nan Sakkwato muna da namu abin lura. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, lokacin ne kuma sanƙarau ke yawaita. Tsayar da ɗalibai a rana tsawon lokaci, ko cunkusa su a ɗakin kwana marar iska, ko jinkirin kai marar lafiya asibiti da sanar da iyayensa, duk abubuwa ne da za a iya tambayar shugaba a kansu.

Ina iyakar bulala?

Tsohon kundin Penal Code na Arewa, a sashe na 55, ya ba malami damar horar da yaron da aka danƙa masa, bisa sharaɗin kada horon ya kai ga mummunan rauni. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, kuma ɗalibi ma ɗan Adam ne. Jihar Sakkwato tana da Dokar Kare Yara, wadda Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a Nuwamban 2021. Wannan magana ma ta girmi dokokin zamani, domin malamin Malikiyya na Ƙairawan, Muhammad ɗan Sahnun, ya rubuta littafi kan ladubban malamai fiye da shekara dubu da suka wuce, inda ya iyakance yawan bulala, ya kuma tattauna abin da ke kan malamin da ya wuce gona da iri har ya yi wa yaro lahani.

Akwai wata shari'a daga Jihar Imo da ya kamata iyayenku su sani. A 1985 wani malamin firamare ya zane ɗalibansa, bulala ta sami wata yarinya a ido, ta rasa idon. Ba a shigar da ƙara ba sai bayan fiye da shekara guda. A 1991 Kotun Ƙoli ta ce ƙarar ta makara, domin dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a kai ƙarar ma'aikacin gwamnati kan abin da ya aikata a bakin aiki. Yarinyar ta rasa ido, ta kuma rasa diyya. Saboda haka idan rauni ya faru, a je asibiti nan take, a adana takardun likita, a nemi shawarar lauya da wuri.

Kora ba tare da sauraro ba

Shugaba yana da ikon dakatar da ɗalibi ko korarsa, amma da ƙa'ida. Bayan tarzomar da aka yi a Jami'ar Maiduguri a 1983, jami'ar ta kori wasu ɗalibai. Suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta soke korar. Daga cikin dalilanta akwai cewa ba a ba su cikakkiyar damar kare kansu ba, kuma shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. Darasin ya shafi sakandare ma: a gaya wa ɗalibi abin da ake zarginsa da shi, a saurare shi, kuma wanda aka yi wa laifi kada ya zama alƙali.

Batun kuɗi ma yana da doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma karɓar kuɗin makaranta saɓanin haka laifi ne.

Naku aikin

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ne kuke zama a ajin da bangonsa ya tsage, ku kuke ganin wayar lantarki a tsirara kusa da famfo, ku kuka san babban ɗalibin da ke cin zalin ƙanana bayan an kashe fitila. Shugaban da ke kula da ɗaruruwan ɗalibai, wani lokaci da ƙarancin kuɗi da malamai, ba zai ga komai da idonsa ba. Amma da zarar an sanar da shi, ba zai ƙara cewa bai sani ba, kuma daga nan doka take fara ƙirga abin da ya yi. Shi ma idan gyaran ya fi ƙarfinsa, wajibinsa ne ya rufe ajin, ya rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ko mai makarantar.

Don haka idan kun ga haɗari, ku fara da malamin ajinku. Idan ba a yi komai ba, shugaban ɗalibai ya rubuta takarda cikin ladabi, da kwanan wata, ya miƙa a ofishin firinsifal, ya ajiye kwafi. Ku gaya wa iyayenku su tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Idan abin ya shafi duka mai rauni ko cin zarafi, akwai 'yan sanda da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a jihar.

Ku ma akwai naku nauyin. Ɗalibin da ya haura katanga, ko ya yi wasa da sinadarai a ɗakin gwaje-gwaje bayan an hana shi, ya rage wa kansa hujja, domin kotu tana duba gudunmawar da mutum ya bayar wajen raunin da ya samu. Kai rahoton haɗari kuwa ba tsegumi ba ne, ba kuma rashin kunya ba. Takarda guda da aka miƙa a kan lokaci tana iya ceton ran abokin karatunku, ta kuma ceci shugabanku daga tsayawa gaban alƙali.